Kunyar Saiwa

Kakata, mahaifiyar babana, wadda muke kira Iya, ba ta taɓa yarda rana ta ga saiwar da take haƙa ba. In za ta gona ɗebo magani, ban da dagi da buta, sai ta ɗaura wani tsohon baƙin ƙyalle a ƙugu. Tana cikin tono, da zarar farin saiwa ya leƙo, sai ta yi maza ta shimfiɗa ƙyallen a bakin ramin, ta cusa hannu ƙarƙashinsa, ta ci gaba da aiki da lalube. Ina ƙarama na ɗauka ni take ɓoye wa. Da na tambaye ta, ta ce ni wace ce da za a ɓoye min, saiwar ce ba ta son ido.

Bishiyar da take yi wa wannan ladabi sanya ce, wadda wasu ke kira uwar magunguna. Guda ɗaya ce tak a bakin gonar da kakana ya bari, a wani ƙauye na ƙasar Shira, daf da duwatsu. Ba wata babbar bishiya ba ce, baƙo zai wuce ta bai waiga ba. Amma in damina ta kusa sai ta cika da ƙananan furanni masu launin shunayya, ƙamshinsu ya tare ka tun daga hanya. Saiwarta kuwa, in aka kankare ta, wani ƙamshi take yi irin na man zafi, mai shiga hanci ya hau har tsakar ka. Da ita Iya ke yi wa mutane maganin ciwon kai da na gaɓoɓi. Saiwa ɗaya take cira a shekara, bana ta gabas, baɗi ta yamma, kuma ba ta taɓa uwar saiwar da ta nutsa ƙasa. In ta gama sai ta mayar da ƙasa, ta danne da tafin hannu, ta tsiyaya ruwan buta, ta ce, "Yi haƙuri, mun taɓa ki. Allah ya mayar miki."

Matan ƙauyen kan sayo saiwoyi a kasuwa su kawo mata, su ce, "Iya, duba min wannan." Sai ta karɓa, ta gutsira da farce, ta shinshina, ta ɗora a harshe. Can ta ce ita ce, ko ta ce an cuce ki. Na ga haka ya fi a ƙirga.

Abu ɗaya ya gagari Iya. Ta sha tsintar 'ya'yan sanya, masu ɗan fiffike kamar na fara, ta shuka a bayan ɗaki. Yawanci ba sa fitowa. Wanda ya fito kuma, ranar da aka ɗaga shi za a dasa, ranar yake fara mutuwa. Takan ce sanya ba ta yarda da hannun mutum ba, inda Allah ya ajiye ta nan take zama.

Na karanta ilimin tsirrai a jami'a, na dawo gida Azare a shekarun da wayar hannu ta fara shigowa gari, lokacin da mutum zai tsaya a bakin titi yana ɗaga ta sama yana neman sabis. Na samu aikin wucin gadi a ɗakin gwaje-gwaje na wata kwaleji, ƙarƙashin wani malami mai ƙarancin magana, wanda ya koyo wata sana'a a inda ya yi karatu mai zurfi: yadda ake raya bishiya sukutum daga ɗan toho da bai fi ƙwayar shinkafa ba. Kayan aikinmu abin tausayi ne. Akwatin katako mai fuskar gilashi da kafinta ya haɗa mana, a ciki muke yanka. Tukunyar tururi irin ta dafa wake, a ciki muke kashe ƙwayoyin cuta. Kwalaben da muka bi gidaje muka tara. Sai wasu ƙananan robobi biyu da Malam ke ajiyewa a firji yana lallaɓa su kamar turaren gado. Sinadaran girma ne, garin fari ne duka biyun. Ɗaya in ka sa wa tsiro sai ya yi ta fitar da rassa da ganye. Ɗayan kuma saiwa yake kira. Littafi na da dogayen sunayensu, ni dai a raina mai kiran ganye da mai kiran saiwa nake ce musu.

Ranar da Malam ya ce in zaɓi tsiron da zan yi aiki a kai, ban yi dogon tunani ba. Na riga na hango gonar kakana jere da sanya, layi layi, Iya na tafiya a tsakaninsu tana faɗan an cika mata wuri da ƙamshi.

"Malama, kin zaɓi mai taurin kai," in ji shi. "Amma gwada."

Da damina na je ƙauye na roƙi Iya reshe ɗaya. Ita ta karyo min da hannunta, ta ba bishiyar haƙuri, ta ce ita dai ba ta taɓa jin inda ganye ya zama magani a jikin sanya ba, amma 'yan boko ba a raba su da ɓarna. Na naɗe reshen a jiƙaƙƙen tsumma na kawo Azare. Na yayyanka shi gaɓa gaɓa, na wanke da ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, na ɗauraye sau uku, na ɗauki kowace gaɓa da hantsaki na dasa ta a kwalba, a kan wani abinci da ke daskarewa kamar kunun da ya huce. Fiye da rabi fumfuna ta cinye su a mako na farko. Wasu suka yi ta zubar da wani ruwa mai launin shayi daga gindi har suka shaƙe kansu. Uku suka rayu. Cikin ukun nan, da mai kiran ganye ya shiga jikinsu, sai kowace gaɓa ta fitar da toho huɗu, biyar, kore shar, ganyen bai kai farcen jariri ba. Na raba su, na sake dasawa, suka sake haihuwa. Kafin kaka ta wuce ina da kwalba arba'in da 'yan kai a kan kanta, ƙarƙashin dogayen ƙwayayen lantarki.

Ban taɓa jin daɗin aiki kamar a watannin nan ba. Kowace safiya kafin in ajiye jaka sai na bi su ɗaya bayan ɗaya, in ɗaga kwalba sama, in leƙa ta ƙasa, in juya ta a haske. Ɗan daji ne ƙarami a tafin hannuna, ba iska, ba akuya, ba tsuntsun da zai sauka.

Da rani aka aiko wa babana cewa an haƙe sanyar. Masu tara saiwa ne, irin waɗanda ke cika buhuna su kai manyan kasuwanni. Sun zo ranar da mutanen ƙauye suka tafi jana'iza a wani gari, suka tone ta ta kowane gefe, suka sare har uwar saiwar, suka bar gangar jikin a kwance. Na je na gani. Ramin ya kai min ƙugu. Ƙasar da aka watsar har lokacin tana ƙamshin man zafi, ƙamshi mai yawa, irin wanda ban taɓa ji a wurin ba, don Iya ba ta taɓa buɗe fiye da tafin hannu ba. Ita ba ta je ba. Ta ce ba za ta iya ganinta a haka ba.

Na durƙusa gabanta na ce, "Iya, ba ta mutu ba. Tana wurina, a kwalba. Arba'in ce ma yanzu."

Ta dube ni kawai, ta ce Allah ya sa.

Daga ranar aikin ya daina zama wasa. Abin da ya rage na bishiyar Iya a duniya shi ne abin da ke kan kantata, kuma ko ɗaya ba shi da saiwa. Tsiro marar saiwa ba ya barin kwalba. In ka fitar da shi, kafin azahar ya yanƙwane. In ka bar shi, kowane wata sai ka canza masa abinci, kuma kowane canji ƙofa ce ga fumfuna.

Muka buɗe robar mai kiran saiwa. Garin ba ya narkewa a ruwa sai an fara jiƙa shi da 'yan ɗigon sifirit, kuma abin da ake bukata bai kai abin da zai maƙale a kan tsinken sakace ba. Sai in riƙe numfashi a gaban sikeli don kada hucina ya kwashe shi. Na gwada rabin miligiram a lita. Mako huɗu, shiru. Na gwada ɗaya, na gwada biyu. A biyu sai gindin tsiron ya kumbura, na yi ta murna, na kira Malam da gudu. Ya ɗaga kwalbar ya daɗe yana kallo.

"Ba saiwa ba ce," ya ce. "Ƙullutu ne. Naman banza. Ya ji kiran, amma bai san me ake so ya zama ba."

Ƙullutun ya yi ta girma, fari, mai gudaji kamar cuku, har ya shaƙe tsiron da ya haife shi. Haka na yi asarar goma sha ɗaya a zubi guda. Malam ya samo wani irin mai kiran saiwar daga wurin abokinsa, muka gwada shi shi kaɗai, muka gauraya su biyun. Na cika littafi da jadawali, kowane layi ƙarshensa sifili.

A cikin wannan hali aka kawo Iya Azare a duba mata idanu, don yanar ido ta fara rufe su. Bayan an gama, ta ce ba za ta koma ba sai ta ga inda na ɗaure mata bishiya. Na riƙo hannunta muka shiga. Ta tsaya tsakiyar ɗakin tana ƙifta ido saboda haske.

"To, ina take?"

"Ga ta nan, Iya. Duk waɗannan ita ce."

Na miƙa mata kwalba ɗaya. Ta kai ta daf da idonta na dama, wanda ke ɗan gani.

"Kunun wa kuka dasa ta a ciki?"

"Abincinta ne. Da sukari a ciki, da gishirin da take so."

"Sukari! Ni da na haifi ubanki ba kullum ake ba ni sukari ba." Ta juya kwalbar. "Ganyen nata ne, ban musa ba. Ina ƙafarta?"

"Ita muke jira, Iya."

"A nan kuke jiranta?" Ta ɗaga kai ta dubi fitilun, ta dawo ta dube ni. "Ke 'yar boko, in ke ce aka sa a ɗakin gilashi, aka kunna miki wuta, kowa ya zo ya ɗaga ki ya leƙa ta ƙasa, za ki kwance zani? Saiwa kunya gare ta. Kun hana ta inda za ta ɓuya."

Malam, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai sai mu ɗauke ki aiki."

"Ban je ba tukuna, ɗana, Iya ce kawai. In ka ɗauke ni kuwa, abin da zan fara yi in kashe maka fitilun nan, in kori wannan mai leƙen."

Muka yi dariya duka. Maganar ta yi min kyau ƙwarai. Da yamma na buɗe wani littafina daban, wanda nake tara kalmomin da suka burge ni da 'yan baitocin da ba na nuna wa kowa, na rubuta: saiwa kunya gare ta. Har na ja layi a ƙarƙashi. A wancan littafin na sa ta, ban sa ta a na jadawali ba. Washegari na shiga, na ɗaga kowace kwalba na leƙa ta ƙasa kamar kullum.

Bazara ta shigo da zafinta na Azare, wanda ko bango ka dafa sai ka janye hannu. Wuta kan ɗauke kwana biyu, kwana uku. Firji ya zama akwati, mai kiran saiwa ya fara canza launi a robarsa. Muka jiƙa buhuna muka rataya a tagogi, muka jera tukwanen ƙasa cike da ruwa a ƙarƙashin kanta. Duk da haka gumi kan taru a cikin kwalaben, ganye ya yi laushi kamar an dafa shi. Na daina ƙirga waɗanda suka mutu, na koma ƙirga waɗanda suka rage. Ashirin. Sha huɗu. Tara. Kowace kwalbar da ta lalace sai na dafa ta kafin in zubar, kuma ni nake wanke ta. In na kai hanci bakinta, ba abin da nake ji sai tsamin sukari.

Saura kwalba biyar Malam ya dawo daga wata tafiya da 'yan takardun da ya yi hoto a wani ɗakin karatu. Ya ajiye min, ya ce in duba ko da abin amfani. A shafi na uku, a cikin wani layi da marubucin bai ma ba shi muhimmanci ba, aka ce itatuwa masu wuyar saiwa sukan fi amsa kira in an rufe gindinsu daga haske, a zuba garin gawayi a abincin, a kuma rage abincin zuwa rabi. Na karanta sau biyu. Na lissafa watannin da suka wuce tun zuwan Iya, na lissafa kwalaben da na wanke a cikinsu, sai na kife takardar.

Na ɗebo gawayi a madafin mahaifiyata, na daka, na tankaɗe ta cikin ƙyalle, na dafa. Abincin ya fito baƙi ƙirin. Na yanke gindin kowane tsiro sabo, na ba shi ɗan abin da ya rage na mai kiran saiwa, na dasa. Na yayyaga wani tsohon baƙin hijabina, na naɗe kowace kwalba daga gindi zuwa wuya, ganye kawai ke leƙowa. Sannan na yi wa kaina alkawarin mako uku ba zan ɗaga ko ɗaya ba.

Ban san haka hannuna ya saba ba. Sai in tsinci kaina a gaban kanta, yatsuna sun riga sun kama ƙullin ƙyallen. Na koma shiga ɗakin da hannuwa a baya kamar mai zaga gawa. Biyu fumfuna ta hau su, wannan ko ta sama ana gani. Biyu suka yi rawaya a hankali, ganye na zuba ɗaya ɗaya. Ta biyar ba ta yi komai ba, tana nan kore, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba.

Ranar da mako uku suka cika na kwance ta. A jikin gilashin, a kan baƙin nan, ga wasu fararen zare guda biyu sun sauko, ɗaya ya fi ɗaya tsawo kaɗan, kowanne da ɗan gashi a jikinsa kamar raɓa. Na mayar da ƙyallen da sauri, har ina ce mata yi haƙuri. Na zauna a ƙasa. Ban kira Malam ba sai da na gama kuka.

Shi ya nuna min sauran aikin. Muka ciro ta, muka wanke gindin da ruwan ɗumi, muka dasa ta a gwangwanin madara cike da yashin da aka dafa, muka kifa mata farar leda.

"Ba ta san iska ba," ya ce. "Ba ta san rana ba, ba ta san ƙishi ba. Mako shida kada ta motsa daga nan. Kowane mako ki huda ledar huji ɗaya. Malama, kin ji ni? Mako shida."

Na ce na ji.

Kwana goma da yin haka aka aiko cewa Iya ba lafiya. Idanun sun rufe gaba ɗaya, ba ta cin abinci sosai, ba ta fita ko ƙofar gida. Babana ya ce Asabar za mu je. Na yi ta juya maganar Malam a raina, ina kuma juya fuskar Iya ranar da ta ce Allah ya sa. Na ce wa kaina yini ɗaya ne. Na ce wa kaina in ta ji labari daga baki ba za ta yarda ba, in kuwa ta riƙe gwangwanin a hannunta za ta ci abinci. Safiyar Asabar na biya ta kwaleji na ɗauko shi, ban gaya wa kowa ba.

A motar Shira na ɗora shi a cinya, na lulluɓe da mayafi, ina tare shi da hannu biyu duk ramin da muka faɗa. Matar da ke kusa da ni ta tambaya ko ɗan tsako ne. Na ce kusan haka.

Mun samu Iya a kan tabarma a inuwar rumfa, ta rame, tana fuskantar inda ba kowa. Bayan an gaisa babana ya fita wajen maza. Na matsa kusa da ita, na cire ledar a hankali, na sa mata gwangwanin a tafin hannu. Nufina ta shafa ganyen, ta ji sanyinsa, in ba ta labarin ƙyallen, in ce mata ke kika yi gaskiya. Na shirya maganar tun a mota. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Iya, ta yi saiwa. Duba."

Sai ta jawo gefen zaninta ta rufe bakin gwangwanin, ta cusa yatsu biyu ƙarƙashi. Ina kallo. Abin da na ji a raina a lokacin shi ne daɗi, wai ga Iya tana yi wa 'yar tsirona ladabin da take yi wa uwarta. Ban ji ƙarar komai ba. Hannun ya fito, tsakanin farcen babban yatsa da manuniya ga ɗan farin zare, yashi na manne da shi.

Ta murza shi. Ta kai hanci, ta daɗe. Ta ɗora a harshe, ta rufe baki, ta karkata kai kamar mai sauraron sallama daga nesa.

"Biyu na samu," ta ce. "Na bar mata ɗaya." Ta sake motsa harshe. "Ba kowa a ciki, 'yar nan. Ruwa ne. Ko ƙamshin uwarta babu."

"Jaririya ce, Iya. Sai ta yi shekaru a ƙasa kafin..."

"Me ya samu muryarki?"

Na ce ba komai.

"Ba komai ba ya rawa haka. Sauran fa? Arba'in ɗin da kika ce?"

"Babu saura."

Ta juyo da fuskarta sosai inda nake, idanun nan farare.

"Ita kaɗai ce?"

"Ita kaɗai."

Wata kaza ta ratsa tsakar gida da 'ya'yanta. A waje ina jin babana yana dariya da wani.

"Kika ce in duba," in ji Iya, a hankali.

"Ni na ce."

Ta ce in miƙo mata buta. Ta danna yashin da yatsa ɗaya a kewayen tsiron, ta jiƙa hannu ta ɗiga masa ruwa, ta sunkuya har leɓenta ya kusa taɓa ganyen, ta ce, "Yi haƙuri, mun taɓa ki. Allah ya mayar miki." Sannan ta ce in rufe ta, in tafi da ita yanzu yanzu, kada in jira la'asar.

Kwana huɗu ta yi. Rana ta biyu ganyen sama ya sunkuya. Rana ta uku wuyanta, daidai inda ya shiga yashi, ya yi baƙi ya sirance. Rana ta huɗu na same ta kwance a jikin gwangwanin. Malam ya tona yashin da hantsaki, ya ga saiwa ɗaya inda muka dasa biyu, ya ga gurbin ɗayar an gutsire shi tsaf. Ya dube ni, bai tambaya ba. Ya ce da yawansu a wannan matakin suke mutuwa ko ba wanda ya taɓa su. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Har yau ban san ko farcen Iya ne, ko girgizar mota, ko 'yan mintocin da ta yi babu leda, ko kuwa dama ba mai zama ba ce. Abin da na sani, ni na ɗauko ta, ni na furta kalmar da na ji mata suna furtawa a gaban Iya tun ina rarrafe.

Malam ya ce a nemo wata sanyar a sake farawa, an ce akwai wajen Disina. Na je sau biyu. Ramuka na tarar, wasu har ciyawa ta fito a cikinsu. Kafin damina ta sake zagayowa wa'adin aikina ya ƙare, robar mai kiran saiwa ma ta ƙare, aka mayar da kwalaben ɗakin ajiya.

Iya ta tambaye ni sau ɗaya, da na je gaishe ta da salla. Ta ce, "Ta kama?" Na so in ce tana nan. Na ce ta tafi. Ta gyaɗa kai, ta lalubi wata tsohuwar jakar fata a ƙarƙashin matashinta, ta fito da guntun busasshiyar saiwa mai tsawon ɗan yatsa, naɗe cikin baƙin ƙyallen nan nata. Ta ce ragowar ta shekarar ƙarshe ce, ta gabas. Ta ce in riƙe, don in na sake raya wata in san abin da zan nema a cikinta. Ta ƙara shekara biyu a duniya, ba mu sake ambaton sanya ba.

Ban sake raya wata ba. Guntun yana nan a ƙasan akwatina. Da farko ko ƙyallen na taɓa sai ɗakin ya ɗauka. Daga baya sai na kwance shi tukuna. Na rage buɗewa, don na lura kowace buɗewa da abin da take tafiya da shi. Bara na fito da shi, na kai hanci, ban ji komai ba. Na kankare gefe da farce, na sake shinshinawa, na daɗe, sai na ji kamar wani abu ya ɗan taɓa ni can sama da hanci, ban tabbata daga saiwar ya fito ba. Na mayar da ita cikin ƙyallen, na ƙulle.